INJIN YANKAN CIYAWA: YADDA AKE GANO CIWONSA DA KULA DA SHI

Gabatarwa

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, Abuja. Waɗanda suka tsara birnin sun keɓe filaye masu yawa domin lambuna da wuraren shan iska, inda ba a yarda a yi gini ba. Da aikin gina birnin ya kankama a farkon shekarun 1980, sai aka kafa sansanin ma'aikata a Nyanya, kan hanyar Keffi, domin leburori da ƙananan ma'aikata. Tun daga wancan zamani, har bayan da gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, Nyanya ta zama mazaunin mutanen da ke sammako su shiga birni aiki, su komo da yamma. Cikinsu akwai masu kula da lambuna da masu yankan ciyawa a ofisoshi da makarantu da gidajen Asokoro da Garki da Maitama. Akwai kuma waɗanda suka sayi nasu injin na hannu, suna bin gidaje da majami'u da masallatai a Karu da Jikwoyi da Mararaba suna yanka a biya su.

Damina a wannan yanki takan fara ne wajen watan Afrilu, ta kai ƙarshen Oktoba. A cikin waɗannan watanni ciyawa ba ta jiran kowa, filin da aka bari mako 3 ba a yanka ba yakan zama maɓoyar macizai da sauro. To, a farkon daminar nan ne injuna da yawa kan ƙi tashi, bayan sun yi wata 5 a ajiye. Mai injin da ba ya tashi ya rasa abincin ranar, ofishi kuwa sai a jingine injin a bayan sito a rubuta takardar neman sabo, alhali kuwa abin da ya hana shi tashi bai fi datti ko tsohon fetur ba. An shirya wannan ɗan littafi ne domin mai aiki da inji ya iya gano ciwon da kansa, bi da bi, kafin ya kashe kuɗi.

Yadda Injin Yake Aiki

Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙago keken yankan ciyawa a Ingila a shekarar 1830, da ƙarfin mutum ake tura shi. Injin da ke juya wuƙar na yanzu kuwa ya samo asali daga wanda Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a shekarar 1876. Yawancin waɗanda ake gani a Abuja na kamfanin Briggs & Stratton ne na Amurka, wanda aka kafa a 1908, ko na Honda na Japan, ko kuma ƙirar Sin da aka kwaikwaya daga gare su. Aikinsu duka iri ɗaya ne da na injin ban ruwa da injin niƙa da ƙaramin janareto, saboda haka wanda ya fahimci ɗaya ya fahimci sauran.

Fistin yakan yi tafiya 4 kafin ya cika zagaye guda. Da fari yakan ja baya ya shaƙo iska da aka gauraya da fetur daga kafireto. Sannan ya komo ya matse wannan gauraye a ɗan ƙanƙanen wuri. A nan fulogi yakan ba da tartsatsin wuta, gaurayen ya kama, ƙarfinsa ya tunkuɗa fistin, shi kuma ya juya kiranshaf da wuƙar da ke ɗaure a ƙarshensa. A tafiya ta huɗu hayaƙi yakan fita ta salansa. Injin yankan ciyawa yana juyawa kamar sau 3,000 a minti ɗaya, watau fulogi yana kunna gauraye kamar sau 25 a kowace daƙiƙa.

Daga wannan bayani za a ga cewa inji yana bukatar abubuwa 4: fetur mai kyau, da iska mai tsabta, da wuta a kan lokacinta, da matsi. In ya ƙi tashi, lalle ɗaya daga cikinsu ne ya yi rauni. Aikin mai bincike shi ne ya gane wanne ne, ya fara da mai sauƙi da araha, ya bar mai wuya a ƙarshe.

Kafin A Taɓa Kome

A cire wayar fulogi a kau da ita gefe kafin a sa hannu a ƙarƙashin inji. Wuƙar tana haɗe da kiranshaf kai tsaye, juya ta da hannu daidai yake da jan igiya, kuma inji mai ɗumi yana iya kamawa ya datse yatsu. In za a kishingiɗa injin, a sa ɓangaren matatar iska da kafireto ya dubi sama. In an kwantar da shi ta ɗaya gefen, baƙin mai zai gangaro ya jiƙa matatar, inji ya yi ta hayaƙi ko ya ƙi tashi ɗungum. A yi aikin a fili, nesa da murhu da mai shan taba.

Binciken Farko: Fetur

Fetur yana tsufa. In ya wuce kamar wata guda a tanki, musamman a zafin Fabrairu da Maris, sashensa mai saurin kamawa yakan tsere cikin iska, ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro wanda ke toshe ƙananan hudojin kafireto. Tsohon fetur yakan yi duhu, warinsa ya yi tsami. A zuba kaɗan a farar kwalba a bari ya natsa. In akwai ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa, gama ruwa ya fi fetur nauyi. In an ga haka, a juye tankin duka a zuba sabo.

Ya kamata a kula da inda ake sayen mai. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta bayyana cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, ya lalata injunan motoci a Legas da Abuja. In man da ya biyo ta gidan mai zai iya haka, to na bakin titi da ake sayarwa a galan, wanda akan gauraya da kananzir ko ya sha ruwan sama, ya fi bukatar hattara. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya haura fiye da ninki biyu cikin 'yan kwanaki, mutane suka shiga jin zafin zubar da tsohon fetur. Amma rabin litar da aka yi tattali tana iya jawo kuɗin wanke kafireto da asarar aikin yini biyu. A riƙa tace mai da mazurari mai rariya ko ƙyalle mai tsabta.

Murfin tanki yana da 'yar huda ta shan iska. In ta toshe, inji yakan yi aiki 'yan mintoci ya mutu, a jima ya sake tashi. A sassauta murfin a gwada. In ciwon ya tafi, hudar ce.

Bincike Na Biyu: Iska

Ƙurar hunturu da ɓurɓushin busasshiyar ciyawa su ne manyan abokan gabar ƙaramin inji. Matatar iska iri biyu ce. Ta soso akan wanke ta da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan, a matse rarar. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sai dai a bubbuga ta a hankali ƙura ta zube. In an ɗaga ta ga rana haske bai ratsa ba, ko mai ya jiƙa ta, a sake sabuwa. Matatar da ta toshe takan sa inji shan mai da yawa da fitar da baƙin hayaƙi.

Wasu kan cire matatar su jefar don sun ga inji ya fi tashi ba tare da ita ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ƙurar da za ta shiga takan goge zoben fistin da bangon silinda kamar yashi, injin da zai yi shekaru ya ƙare cikin damina ɗaya ko biyu.

Bincike Na Uku: Fulogi Da Wuta

Fulogi shi ne mai ba da shaidar abin da ke faruwa a cikin inji. A goge kewayensa, a kwance shi da sifanarsa, a dubi bakinsa:

1. In launinsa ruwan ƙasa ne ko na toka, inji yana ƙona mai daidai.
2. In baƙin ƙirin ne a bushe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa a kan iska. A duba matata, a tabbata ba a bar cok a rufe ba.
3. In ya jiƙe da baƙin mai, ko dai an cika mai fiye da kima, ko an kwantar da inji ta gefen da bai dace ba, ko zoben fistin ya cinye.
4. In ya jiƙe da fetur, mai ya shaƙe inji. A shanya fulogin, a ja igiya sau 5 ko 6 ba tare da shi ba, a mayar.
5. In ya fito a bushe bayan an yi ta jan igiya, fetur ba ya isowa, ciwon yana tsakanin tanki da kafireto.

Tazarar da ke tsakanin haƙoran fulogi a yawancin waɗannan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. A kankare baƙin da ya taru da burushin waya. Fulogin da farin tangaransa ya tsage ba shi da gyara.

Domin gwada wuta, a mayar da wayar a kan fulogi, a jingina ƙarfensa ga jikin inji nesa da ramin da aka cire shi, wani ya ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Injuna da yawa suna da wani ƙarfe a mariƙi wanda sai an danne shi wuta ke zuwa, saboda haka a riƙe shi lokacin gwaji, a kuma duba ko wayarsa ta saki. In an sa sabon fulogi har yanzu babu wuta, a duba siririyar wayar kashe inji, gama ɓeraye kan gwaguye ta lokacin ajiya, ta taɓa ƙarfe ta shanye wutar. In ita ma lafiya take, sai a zargi kwayil. Tazararsa daga maganaɗisun faifan nan mai nauyi da ke juyawa a saman inji kamar kaurin katin gaisuwa ce.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A zuba fetur sabo kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogi, a mayar da fulogin, a goge wanda ya zube, a ja igiya. In inji ya kama na 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, wuta da matsi lafiya suke, saura kafireto.

Kafireto

A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan kwano da noti guda ya riƙe. A rufe famfon mai ko a matse tiyo, a kwance kwanon. A nan ruwa da tsatsa da danƙo ke taruwa. A wasu injuna notin nan shi ne ke ɗauke da ƙananan hudojin da fetur ke bi. A wanke kome da sabon fetur, a zura siririn zaren wayar jan ƙarfe a hudojin a hankali. Kada a sa allurar ɗinki ko ƙusa, gama in huda ta faɗaɗa ko da kaɗan inji zai riƙa shan mai har abada. A duba ɗan abin nan mai iyo a cikin kwanon da allurarsa: in ya huje ya cika da fetur, mai zai yi ta malala.

Tsofaffin injunan Briggs & Stratton da yawa kafiretonsu a kan tanki yake zaune, tsakaninsu akwai wata siririyar roba da ke tsotso mai. Shekaru da zafi kan sa ta sandare. Sauya ta ba shi da tsada, kuma sau da yawa ita kaɗai ce ta kwantar da injin.

In inji yana tashi yana sauka da kansa kamar mai haki, wata huda ce ta toshe rabi, ko iska tana sata ta gaskit ɗin da ya yage. Kada a ja ɗan sifirin nan na abin da makanikai ke kira gwamna don ƙara gudu. Masu ƙira sun ƙayyade gudun ne domin kada inji ya fashe ko wuƙa ta wurga dutse da ƙarfin da zai kashe mutum.

Abin Da Ya Kamata A Kai Wa Makanike

In igiya tana zuwa sakayau ba tare da wata turjiya ba, matsi ya tafi. Mai yiwuwa bawul ya maƙale, ko gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, ko zoben fistin ya ƙare. Wannan aikin makanike ne mai kayan awo.

Filayen Abuja da kewaye cike suke da ragowar gini: guntayen rodi da bulo da duwatsu da ke ɓuya cikin ciyawa. In wuƙa ta daki irin wannan inji ya tsaya nan take, daga baya kuma igiya ta riƙa fizge hannu, to ɗan makullin da ke riƙe faifan sama a kan kiranshaf ne ya yanke, wuta ta daina zuwa a kan lokaci. Da gangan aka yi makullin da ƙarfe mai taushi, domin ya karye ya ceci kiranshaf. Kada a yarda a maye gurbinsa da ƙusa. In kuwa inji yana girgiza ƙwarai bayan irin wannan karo, a kashe shi nan da nan, gama kiranshaf ya lanƙwashe ke nan, kuma miƙe shi da guduma hatsari ne.

Baƙin Mai Da Juye

Rashin baƙin mai yakan kashe inji cikin mintoci, kuma mutuwar da ba ta da magani mai araha. A duba ma'auni kowace safiya, inji yana tsaye a wuri mai daidai. Yawancin waɗannan injuna ba su ɗaukar fiye da kamar rabin lita zuwa lita 0.6, kuma cikawa fiye da alama illa ce. Mai lamba SAE 30 ya dace da zafin ƙasar nan. Sabon inji akan yi masa juye bayan awa 5 na farko, daga nan kuma bayan kowace awa 50, ko awa 25 in wurin aikin mai ƙura ne. Mai yanka awa 4 a rana, kwana 6 a mako, zai cika awa 50 cikin mako 2 da 'yan kai. A yi juye inji yana da ɗumi, domin datti ya biyo mai. Kada a zuba man da aka juye daga mota. Tsohon mai kuma kada a zubar da shi a lambatu ko kusa da rijiya, a tara shi a jarka a kai wa masu juyen mai.

A lura, injin nan na ratayawa a kafaɗa mai yanka da igiyar roba yawanci dabam yake: ana gauraya man nasa na musamman a cikin fetur bisa awon da mai ƙira ya rubuta. Ba a zuba wannan gauraye a injin turawa, ba a kuma ba na kafaɗa fetur zalla.

Wuƙa Da Sanyaya Inji

Wuƙar da ta dakushe tana yage ciyawa, tana kuma wahalar da inji. A kwance ta, a wasa ta da magagari bisa karkatar da ta zo da ita, sannan a rataya ta a ƙusa ta hudar tsakiya. Gefen da ya rinjaya ƙasa a ƙara goge shi har ta tsaya daidai. Wadda ta tsage a jefar, kada a yi mata walda. A ɗaure notinta tamau.

Iska ce ke sanyaya injin, ta bin tsakanin fikafikan da ke jikin silinda. Ciyawa da laka da gidan zanzaro kan toshe su, inji ya yi zafi ya rage ƙarfi. A riƙa cire murfin sama ana sharewa. In ciyawa ta yi tsawo, a ɗaga ƙafafun injin a yanka sau biyu, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin 3 na tsawonta a tashi guda. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa a jira ta sha iska.

Ajiya In Damina Ta Wuce

Yawancin wahalar Afrilu a Nuwamba ake shuka ta. Ranar yanka ta ƙarshe a yi haka:

1. A juye fetur daga tanki, a tayar da inji har ya shanye sauran ya mutu da kansa.
2. A yi juyen baƙin mai.
3. A zuba baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin fulogi, a ja igiya a hankali sau 2 ko 3, a mayar da fulogi.
4. A kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashi, a shafa wa wuƙa mai.
5. A wanke matatar iska, a rufe injin da buhu, a ajiye shi inda ruwa da ɓera ba za su same shi ba.

Kiyaye Rai

Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Kada a tayar da inji a ɗaki ko shago. A unguwanni irin Nyanya inda ɗakuna ke manne da juna, ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da risho kasada ce da ran maƙwabta. Kada a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi, a bari ya huce. Mai yanka ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, ba silifa ba. Ya zaga filin tukuna ya tsince duwatsu da kwalabe da wayoyi, ya kuma kori yara nesa. A gangare a yanka a karkace daga gefe zuwa gefe, kada a jawo inji baya zuwa ga ƙafa.

Kira Ga Masu Kula Da Kayan Hukuma

Injin da ke hannun ma'aikata ko makaranta ko asibiti da kuɗin jama'a aka saye shi. Ana shawartar kowane mai kula da sito ya buɗe wa kowane inji ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar aiki da awoyin da ya yi da ranar juye da kayan da aka sauya, mutum guda kuma ya zama shi ne mai alhakinsa. A tanadi fulogi da matatar iska da baƙin mai tun watan Maris. Kada a rubuta cewa inji ya mutu sai an bi binciken da aka zayyana a nan, makanike ya tabbatar. Mai injin kansa ma ya yi haka, ya kuma koya wa yaransa na aiki, gama rigakafi ya fi magani.